Abin da ke Gudana a Bayan Shafin Yanar Gizo

Ranar da aka ce sakamakon jarrabawa ya fito, ɗaliba takan ari wayar yayanta, ta rubuta adireshin shafin makaranta, ta shigar da lambarta, kafin ta sauke numfashi sai ga sunanta da makinta sun bayyana. A wurinta magana ta ƙare ke nan. Amma ga wanda ya ɗaura niyyar koyon gina irin wannan shafi, nan ne magana ta fara, domin ganin Dala ba shiga birni ba ne. A cikin daƙiƙa ɗaya ko biyun nan kwamfutoci da dama, waɗansunsu ma a wata nahiya, sun yi wa juna tambaya, sun karɓi amsa, kuma ko'ina a cikin wannan kai da komowa akwai inda kuskuren magini zai iya jawo wa makaranta abin kunya.

Abu na farko da ya kamata mai koyo ya gyara shi ne yadda harshe ya saba faɗar al'amarin. Ana cewa wane ya “shiga” shafi ko ya “ziyarci” shafi, alhali babu inda ya je. Abin da ya faru shi ne, manhajar da ke cikin wayarsa, watau burauza, irin su Chrome ko Firefox ko Opera, ta aika da buƙata zuwa wata kwamfuta da ke kunne dare da rana tana jiran masu tambaya, ita kuma ta aiko da kwafen abin da aka nema. Wannan kwamfuta mai jira ita ake kira uwar garke. Duk aikin yanar gizo a kan abubuwa biyun nan yake tafiya, buƙata da amsa, kuma kullum burauza ce ke fara magana.

Yana da kyau kuma a bambance intanet da yanar gizo, ko da yake a maganar yau da kullum an haɗe su. Intanet ita ce hanyar, watau igiyoyi da na'urori da ƙa'idojin da suka haɗa kwamfutocin duniya. Yanar gizo kuwa ɗaya ce daga cikin hidimomin da ke bin wannan hanya, kamar yadda wasiƙar imel take wata hidimar daban. Wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya gabatar da shawararta a watan Maris na 1989 a cibiyar binciken CERN da ke kusa da birnin Janiba, don masana su riƙa samun takardun juna cikin sauƙi. Zuwa ƙarshen 1990 ya rubuta burauza ta farko da uwar garke ta farko, a ranar 30 ga Afrilu 1993 kuma cibiyar ta sakar wa duniya fasahar kyauta. Abubuwa uku da ya ƙirƙiro, adireshin shafi da ƙa'idar HTTP da harshen HTML, har yau su ne ginshiƙan aikin.

Neman Gida

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Kowace na'ura da ke magana a intanet tana da adireshi na lambobi. Tsohon tsarin, wanda ake kira IPv4, lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255, abin da ya ba da adireshi kimanin biliyan 4.3. Da aka tsara shi an zaci sun isa har abada, sai ga shi a watan Fabrairu na 2011 babbar ma'ajiyarsu ta ƙare, shi ya sa ake amfani da sabon tsari mai suna IPv6 tare da tsohon. To, tun da ɗan Adam ba zai iya haddace irin waɗannan lambobi ba, dole a sami mai fassara suna zuwa lamba.

A farkon zamani fayil ɗaya tak ake ajiyewa a wata cibiya a Kalifoniya, mai ɗauke da sunan kowace kwamfuta da lambarta, kowa ya riƙa kwafa. Da kwamfutoci suka yi yawa abin ya gagara, sai Paul Mockapetris ya fito da tsarin DNS a 1983. Hikimar tsarin ita ce babu wanda ya san kowa, amma kowa ya san wanda za a tambaya a gaba. A ɗauki adireshin Jami'ar Bayero ta Kano, www.buk.edu.ng. Daga dama ake karanta shi zuwa hagu. Wayar ɗalibi takan miƙa sunan ga wata kwamfutar kamfanin sadarwarsa mai aikin cigiya. Idan ita ma ba ta sani ba, sai ta tambayi kwamfutocin tushe, waɗanda sunayensu 13 ne, daga A zuwa M, ko da yake a bayan sunayen akwai injuna fiye da dubu ɗaya warwatse a duniya. Su ba su san jami'ar ba, amma sun san masu kula da ng, watau yankin Nijeriya, wanda ƙungiyar NiRA ke riƙe da rajistarsa, kamar yadda ne take ta Nijar, gh ta Gana, cm ta Kamaru, td ta Chadi, sd kuma ta Sudan. Masu kula da ng su nuna kwamfutar da ke riƙe da bayanan jami'ar, ita kuma ta ba da lambar. Baƙon da ya sauka a tasha haka yake yi, daga sarkin tasha zuwa mai unguwa, daga mai unguwa zuwa ƙofar gida, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Ba kullum ake yin wannan doguwar cigiya ba. Kowace amsa tana zuwa da wa'adi, mai cigiyar kuma yakan riƙe ta har wa'adin ya cika. Wannan shi ne dalilin wani abu da ke rikita sababbin magina: mutum ya mayar da shafinsa zuwa sabuwar uwar garke, shi yana ganin sabon, abokinsa a wani gari yana ta ganin tsohon har tsawon sa'o'i. Babu abin da ya lalace, wa'adin tsohuwar amsa ne bai cika ba.

Tafiyar Saƙo

Da an sami lamba sai a buɗe hanya. Ƙa'idar da ke wannan aiki ita ce TCP, wadda Vint Cerf da Bob Kahn suka bayyana tushenta a 1974. Kafin a aika komai sai an yi gaisuwa mai mataki uku: burauza ta yi sallama, uwar garke ta amsa, burauza ta tabbatar ta ji amsar. Bayan haka ana yanka saƙo ƙunshi-ƙunshi, kowanne bai cika wuce bayit 1,500 ba, a sa masa lamba, a sake shi. Na'urorin raba hanya suna miƙa ƙunshin daga hannu zuwa hannu. Wanda ya ɓace a sake aiko shi, waɗanda suka iso a hargitse a jera su bisa lambarsu. A jikin uwar garke kuma akwai ƙofofi masu lamba, kowace hidima da tata: 80 ta shafin da ba a kulle ba, 443 ta shafin da aka kulle.

Kullewar nan ita ce ma'anar harafin s da ke ƙarshen https. Idan babu ita, duk wanda saƙon ya ratsa ta hannunsa, tun daga mai shagon intanet har kamfanin sadarwa, yana iya karanta kalmar sirrin ɗaliba, ko ma ya sauya abin da ke cikin shafin. Da ita kuwa, ɓangarorin biyu sukan shirya wani mabuɗi na lissafi da su kaɗai suka sani, su mayar da maganarsu wani irin zaurance da ba ya warwaruwa ga na gefe. Uwar garke kuma takan nuna takardar shaida cewa lalle ita ce mai wannan suna. Kamfanin Netscape ne ya fara wannan da sunan SSL a tsakiyar shekarun 1990, magajinsa shi ne TLS. Dā sayen takardar shaidar ake yi, amma tun 2015 ƙungiyar Let's Encrypt take bayar da ita kyauta, saboda haka maginin da ya bar shafinsa a buɗe ba shi da hanzari.

A nan akwai lissafin da ya kamata malamin kimiyya ya yi da ɗalibansa a allo. Haske a cikin zaren gilashi yana tafiyar kilomita kimanin 200,000 a daƙiƙa. Igiyar ƙarƙashin teku ta MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta daga Fotugal zuwa Legas kimanin kilomita 7,000 ne. Zuwa da dawowa kilomita 14,000 ke nan, watau kashi 70 cikin 1,000 na daƙiƙa, kuma babu kuɗin da zai rage wannan, domin iyakar gudun haske ce. Gaisuwar TCP ta ci zuwa da dawowa ɗaya, shirya mabuɗi ya ci aƙalla ɗaya, buƙatar kanta ta ci ɗaya. Kafin harafin farko ya iso an riga an kashe fiye da ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, ba a ma lissafa tazarar Sakkwato zuwa Legas ba, balle idan uwar garken a Amurka take. Ƙasashe irin su Nijar da Chadi, da ba su da gaɓar teku, sai saƙonsu ya ratsa ƙasar maƙwabta tukuna.

Igiyoyin nan kuma suna tsinkewa. Ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikinsu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun da ke gaban Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, har hidimomin wasu bankuna suka tsaya cik. Saboda haka tambayar inda za a ajiye shafi ba ƙaramar tambaya ba ce. Shafin da masu karatunsa duk a cikin ƙasa suke, idan aka ajiye shi a cikin ƙasa, saƙonsa yana iya bi ta mahaɗar IXPN, inda kamfanonin sadarwar Nijeriya ke musayar saƙo a tsakaninsu, ba sai ya tsallaka teku ya dawo ba.

Maganar da Ake Yi

Abin mamaki shi ne, bayan duk wannan shiri, buƙatar kanta 'yan layuka ne da mutum zai iya karantawa da idonsa. Ga yadda take a tsarin HTTP/1.1 na 1997, an yi amfani da sunan example.com wanda aka keɓe musamman don misalai:

GET /sakamako?lamba=2417 HTTP/1.1
Host: www.example.com

Kalmar farko tana nufin “ba ni”. Abin da ya biyo ta shi ne abin da ake nema, layi na biyu kuma sunan gidan, domin uwar garke ɗaya tana iya ɗaukar shafukan mutane ɗari. Idan burauza ce za ta kai kaya, kamar lokacin da aka cika fom aka tura, sai ta yi amfani da POST, bayanan kuma su tafi a cikin jikin saƙon maimakon a jikin adireshi. Amsa ita ma da kanta take farawa:

HTTP/1.1 200 OK
Content-Type: text/html; charset=utf-8

Lambar 200 tana nufin an samu, ga shi. Lambobin da suka fara da 3 suna cewa abin ya ƙaura, a bi shi can, kamar 301. Waɗanda suka fara da 4 suna ɗora laifi a kan mai tambaya: 404 babu abin da ya nema, 403 akwai amma ba a yarje masa ba. Waɗanda suka fara da 5 kuwa uwar garke ce ke amsa laifinta: 500 manhajarta ta yi tuntuɓe, 503 aiki ya fi ƙarfinta, kamar yadda ake gani ranar da dubban ɗalibai suka yi wa shafi ɗaya caa a lokaci guda. Maginin da ya san waɗannan lambobi ya san ɓangaren da zai fara dubawa idan abu ya ɓaci. Sababbin tsare-tsare, HTTP/2 na 2015 da HTTP/3 na 2022, sun sauya yadda ake ɗaure saƙon don ya fi sauri, amma ma'anar maganar tana nan yadda take.

Abin da ya iso wa burauza ba hoton shafi ba ne, rubutu ne na HTML mai alamomi, kamar <h1>Sakamakon Zango na Biyu</h1>, wanda ke cewa wannan babban kai ne. Tana cikin karantawa sai ta tarar an ambaci fayil ɗin CSS mai tsara launi da girman haruffa, da fayil ɗin JavaScript mai sa shafi motsi, da tambarin makaranta, da hoton shugabanta. Kowane ɗaya sai ta aika masa da tasa buƙatar. Shafi ɗaya a ido yana iya zama buƙata hamsin ko ɗari a hanya. Hoton da aka ɗauko daga kyamarar waya aka ɗora yadda yake yana iya kai megabayit 4. Idan ɗalibai 1,000 suka buɗe shafin, an ƙone musu kimanin gigabayit 4 na data a kan hoton da babu wanda ya zo dominsa, alhali da an rage shi da bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na haka ba. Wannan rashin tausayi ne ga aljihun iyaye, ko da ba da gangan aka yi ba.

Ƙarshen layi na biyu na amsar, inda aka rubuta utf-8, ya shafi mai rubutu da Hausa kai tsaye. Kwamfuta lambobi take ajiyewa a madadin haruffa, tsoffin tsare-tsare kuwa ba su tanadi gurbin haruffa masu lanƙwasa ba. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992, harafin ƙ bayit biyu ne, haka ɗ da ɓ da ƴ. Idan ba a gaya wa burauza tsarin da aka bi ba, tana iya ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa bisa wani tsohon tsarin Turai, sai kalmar “ƙasa” ta fito “Æ™asa”. Duk wanda ya taɓa ganin irin wannan shirme a shafin Hausa, to ga asalinsa. Maganinsa a sa <meta charset="utf-8"> a saman shafi, a adana fayil da wannan tsari, a kuma tabbatar rumbun bayanai shi ma da shi yake aiki. Wasu sukan guje wa matsalar ta hanyar zubar da lanƙwasar gaba ɗaya, sai “ɓata” ta koma “bata”, “ƙafa” ta koma “kafa”, wanda hakan sauya ma'ana ne, ba gyara ba.

Cikin Gida

Shafuka iri biyu ne. Akwai wanda yake ajiye a matsayin fayil, kamar shafin tarihin makaranta, wanda manhajar uwar garke, irin su Apache ko Nginx, za ta ɗauko ta miƙa wa kowa iri ɗaya. Akwai kuma wanda babu shi sam sai an tambaya. Sakamakon ɗaliba mai lamba 2417 ba ya ajiye a matsayin shafi a ko'ina. Idan buƙatarta ta iso, ana miƙa ta ga wata manhaja da magini ya rubuta da PHP ko Python ko wani harshe, ita kuma ta tambayi rumbun bayanai, irin su MySQL ko PostgreSQL, inda bayanai ke jere a jadawali mai layuka da ginshiƙai kamar rajistar aji. Harshen tambayar shi ne SQL:

SELECT darasi, maki FROM sakamako WHERE lamba = 2417

Rumbu ya ba da layukan, manhaja ta saƙa su a cikin HTML nan take, a aika. Ɗaliba ba ta taɓa ganin wannan manhaja ko rumbun, abin da suka haifa kawai take gani. Nan ne iyakar da ake cewa gaban shafi da bayan shafi: abin da ke gudana a cikin burauza yana hannun mai waya, abin da ke gudana a uwar garke yana hannun magini.

Sai dai uwar garke tana da wata ɗabi'a, ba ta tuna kowa. Da ta amsa buƙata ta manta da mai ita, ko da bayan daƙiƙa ɗaya ya dawo baƙo ne a wurinta. Da gangan aka tsara HTTP haka, domin ta iya sallamar jama'a masu yawa ba tare da ɗaukar nauyin tuna kowa ba. To, yaya aka yi ɗaliba ta shigar da kalmar sirri sau ɗaya amma shafi na biyu da na uku suka gane ta? Lou Montulli na kamfanin Netscape ne ya kawo mafita a 1994, da abin da ake kira kuki. Wanda ya taɓa zuwa asibitin gwamnati ya san tsarin. Ranar farko ana buɗe wa majiyyaci fayil, a ba shi ɗan ƙaramin kati mai lamba. Fayil yana zama a ɗakin ajiya, kati yana tafiya gida. Duk ranar da ya dawo ma'aikaci ba fuskarsa yake dubawa ba, lambar kati yake dubawa ya ɗauko fayil. Haka uwar garke take yi: bayan ta tabbatar da kalmar sirri sai ta ƙirƙiro wata doguwar lamba da ba a iya cinka, ta rubuta a wurinta cewa wannan lamba ta ɗaliba 2417 ce, ta ba burauza. Daga nan burauza tana liƙa lambar a jikin kowace buƙata. Abin lura shi ne, duk wanda ya riƙe katin shi ne majiyyacin. Shi ya sa ake kulle hanya da https, shi ya sa kuma wanda ya duba sakamako a kwamfutar shago ya kamata ya danna maɓallin fita kafin ya tashi, domin a yaga katin.

Inda Masu Koyo Suka Fi Faɗuwa

Daga abin da ya gabata wata ƙa'ida ta fito wadda ta fi sauran nauyi: uwar garke ba ta ganin mutum, saƙo kawai take gani, kuma kowa yana iya rubuta saƙon da ya ga dama. A sake duban adireshin nan mai ƙarewa da lamba=2417. Me zai hana ɗaliba mai son sani ta goge 7 ta sa 8? Idan manhajar ba ta duba ko mai wannan kuki shi ne mai wannan lamba ba, to sakamakon 'yar ajinsu zai bayyana, kuma wanda ya iya ɗan rubutun manhaja zai kwashe na makarantar gaba ɗaya kafin a sha shayi. Ba a fasa komai ba, ƙofar ce dama ba a rufe ba. Magini da yawa sukan ɗauka tun da ba su sa maɓallin zuwa wani wuri ba, babu mai zuwa can. Ɓoye maɓalli ba tsaro ba ne, dole a kan kowace buƙata uwar garke ta tambayi kanta: wane ne wannan, kuma yana da izinin abin da ya nema?

Haka nan binciken da ake yi da JavaScript a cikin burauza. A ce fom ɗin malamai ya hana shigar da makin da ya wuce 100. Wannan taimako ne ga malami don kada ya yi kuskure, amma tun da a na'urar mai amfani yake gudana, yana iya kashe shi, ko ya tsallake fom ɗin ya aika da buƙatar kai tsaye. Duk abin da aka bincika a gaba sai an sake bincika shi a baya.

Mafi muni shi ne a ɗauki abin da baƙo ya rubuta a manna shi kai tsaye a cikin tambayar rumbu. Idan a gurbin lamba wani ya rubuta 2417 OR 1=1, tambayar ta koma cewa a kawo layin da lambarsa 2417 ce, ko kuma duk layin da ɗaya take daidai da ɗaya. Tun da ɗaya kullum ɗaya ce, rumbu zai juye duk abin da ke cikinsa. Da irin wannan dabara ana iya sauya maki ko a share jadawali ɗungum. Kada a zaci ƙananan magina kaɗai abin yake kamawa. A 2015 ta wannan kafa aka shiga rumbun kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya, aka kai ga bayanan mutane kusan 157,000, a 2016 kuma hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci kamfanin tarar fam 400,000. Rigakafin kuwa ba shi da wuya. Ana rubuta tambayar da gurbi, a sa alamar tambaya inda lambar za ta zauna, a aika da umarni daban, abin da baƙo ya rubuta daban, yadda rumbu ba zai taɓa ɗaukar rubutun baƙo a matsayin umarni ba. Duk harsunan da aka ambata suna da hanyar yin haka.

Kalmar sirri ma ba a ajiye ta yadda take. Ana ratsa ta cikin wani lissafi mai tafiya ɗaya, irin su bcrypt ko Argon2, wanda ke niƙe ta yadda ba a iya mayar da garin ya koma tsaba. Abin da lissafin ya haifar shi ake ajiyewa. Idan mai ita ya dawo, a niƙa abin da ya rubuta a gwada da na ajiye. Shafin da zai iya aiko wa mutum tsohuwar kalmarsa idan ya manta, ya tona wa kansa asiri cewa a fili yake ajiye ta.

Aikin Gwaji

Duk abin da aka bayyana ana iya ganinsa da ido a ɗakin kwamfuta na makaranta, ba tare da sayen komai ba. A buɗe Chrome ko Firefox, a danna maɓallin F12, a zaɓi sashen da aka rubuta wa Network, sannan a sake loda kowane shafi. Buƙatu za su jeru ɗaya bayan ɗaya, kowace da lambar amsarta da nauyinta da lokacin da ta ci. Ɗalibai su ƙirga su, su nemo mafi nauyi, su faɗi ko ya cancanci nauyinsa. Su ƙara wasu haruffan banza a ƙarshen adireshi su ga 404 ta fito. A baƙin allon umarni kuma su rubuta nslookup tare da sunan wani shafi, su karanta lambar da DNS ta bayar.

Gwajin neman kafar ɓaraka, irin sauya lamba a adireshi ko cusa rubutu a tambayar rumbu, a kan shafin da ɗalibi ya gina da kansa a kwamfutarsa kaɗai ake yin sa, domin yin haka a shafin wani ba da izini ba laifi ne a ƙarƙashin dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015. Malami yana iya raba aji gida biyu, kashi ɗaya su gina ƙaramin shafin sakamako mai ɗalibai goma na ƙage, ɗaya kashin su nemi ganin makin da ba nasu ba, a mako mai zuwa kuma a yi musanya.